Wuyan da na gina a laftof, da gammon Inna

Tunda na ɗora hoton nan mai ja da kore da shuɗi a status mutane ke ta damuna da tambaya wai mene ne wannan, wani abokina cewa ya yi wuyan rago ne na layya na yi wa fenti, wata ƙanwata kuma ta ce kamar alewar yara. To wuyan mutum ne da na gina a kwamfuta, ƙasusuwa biyar daga cikin bakwai na wuya, kuma wata goma sha ɗaya na yi ina fama da shi kafin ya yarda ya lanƙwasa kamar na mai rai. Bari in ba ku labarin yadda aka yi tunda na ga akwai 'yan injiniyarin da ke son shiga wannan fannin, kada su faɗa ramukan da na faɗa.

Asalin abin daga gida ne. Innarmu ta daɗe tana kukan wuya, sannan babban yatsanta da manuniya na hannun dama suka fara yin sanyi kamar ba nata ba, allura ma sai ta faɗi ba ta ji ba. Da aka ɗauki hoto likita ya ce matashin guringuntsin da ke tsakanin ƙashi na biyar da na shida ne ya zaizaye, wato C5 da C6, yana danne jijiyar da ke tafiya hannu. Ya tambaye ta ko tana ɗaukar kaya a ka, ta yi dariya ta ce likita tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗaukar tulu. A lokacin ina neman abin da zan yi aikin mastas a kai a makanikal, kowa a ajinmu in ba injin ɓare gyaɗa ba to injin busar da tumatir, ni kuma na je na samu malamina na ce ranka ya daɗe ina son in lissafa nauyin da wuya ke iya ɗauka. Ya kalle ni ya ce ka san ƙashi ba ƙarfe ba ne ko, na ce na sani, ya ce ba ka sani ba tukuna amma je ka fara.

Ga wanda bai sani ba, wuya ƙashi bakwai ne a jere, C1 zuwa C7. Na sama biyun daban suke, C1 kamar zobe yake shi ke riƙe da ƙoƙon kai, C2 kuma yana da wani tsini kamar haƙori da zoben ke juyawa a kansa, babu matashi a tsakaninsu, kuma kusan rabin waiwayen da kake yi hagu da dama a nan ake yinsa. Waɗannan biyun na bar su wa masu ƙarfin hali, na tsaya a C3 zuwa C7, ƙashi biyar matashi huɗu. Kowane ƙashi yana haɗuwa da na ƙasansa ta gaba a kan matashin, ta baya kuma a kan wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ake kira faset masu santsi a karkace, laka kuma ta bi ta ramin tsakiya. Kan mutum babba yana kai kilo 4 da rabi zuwa 5, shi ne lodin da wannan 'yar sandar ke ɗauke da shi kullum.

Matakin farko samun hoton sitiskan, wato hoton asibiti mai nuna cikin jiki yanka-yanka, kuma a nan na fara sanin haƙuri. Ba ka shiga asibiti kawai ka ce a ba ka hoton wuyan mutum, sai ka rubuta takarda zuwa kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike, ka yi bayanin me za ka yi da shi, ka yi alƙawarin za a goge suna da lambar kati da komai. Wata uku ina sintiri. Ranar da aka miƙo min faifan sidi kamar in yi rawa, na dawo ɗaki na buɗe a 3D Slicer, manhaja ce ta kyauta, na ce ta haɗa min hoton, sai ga wuya ya fito kamar matattakalar bene. Ashe yankan hoton milimita 5 ne tsakanin kowane da na gaba. Matashin wuya gaba ɗayansa kaurinsa bai wuce hakan da yawa ba, ratar faset kuwa ba a ma maganarta, duk sun ɓace a tsakanin yanka da yanka. Na koma wajen mai ɗaukar hoton na ce oga don Allah ko akwai mai siririn yanka, ya ce ai da ka faɗa tun farko, injin yana yi, kawai ba a cika ajiyewa ba ne saboda cin wuri. Bayan sati biyu ya samo min na wani saurayi da aka kawo bayan hatsarin babur aka duba aka ga wuyansa lafiya lau, yankan bai kai milimita 1 ba. Ban san sunansa ba kuma ba zan taɓa sani ba, amma na san ƙashin wuyansa fiye da yadda na san fuskar wasu 'yan uwana.

Daga nan sai ware ƙashi daga nama. A sitiskan kowane ɗigo yana da lamba a ma'aunin Hounsfield, ruwa 0 ne, iska -1000, ƙashi kuma yana can sama daga ɗaruruwa zuwa fiye da dubu, don haka kana iya ce wa manhajar duk abin da ya haura kaza ki shafa masa kala. A bidiyon YouTube minti biyar ake gamawa. A gaske kuwa sai ta manne maka ƙasusuwan biyar su zama dunƙule ɗaya saboda ratar faset ta yi siriri, kai ne za ka bi yanka bayan yanka da linzami kana goge ɗigo-ɗigo kana raba su, sati uku na yi ina wannan har idona ya fara ruwa, kuma abin dariya wuyana ni ma ya fara ciwo. Sannan sitiskan ba ya nuna matashi da kyau, ligamen kuwa, wato igiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, sam ba ka ganinsu. Matashin da hannu na zana shi a tsakanin ƙasusuwan, igiyoyin kuma na buɗe littafin anatomi na wani ɗan medisin da muke haya gida ɗaya ina duba inda kowacce ta kama ina sakawa, ta gaba, ta baya, mai ruwan ɗorawa da ke bayan laka, ta kewayen faset, da ta tsakanin tsinayen baya.

Hanyar lissafin sunanta fainait elament. Kwamfuta ba ta iya lissafa abu mai siffar ƙashi a dunƙule, sai ka yayyanka shi ƙanana-ƙanana kamar ana yanka kuɓewa, dubu ɗaruruwa, kowane ɗan yanki lissafinsa mai sauƙi ne, sai ta haɗa su duka ta gaya maka ina ya matsu ina ya miƙe. Manya suna amfani da manhajar Abaqus ko ANSYS, ni da na ji kuɗin lasisi sai na ja da baya na ɗauko FEBio, wadda mutanen jami'ar Yuta a Amurka suka yi musamman don nama da ƙashi kuma kyauta ce. Sai ka gaya mata taurin kowane abu. Da megafaskal ake auna taurin, ɓawon ƙashi na waje na sa 12,000, na ciki mai kama da soso ɗaruruwa kaɗan, tsakiyar matashi mai kama da kamu wajen 1 kacal kuma ba ya matsuwa kamar ruwa. Dubi tazarar, 12,000 da 1 a manne da juna, nan ne duk rigimar take. Igiyoyin kuma dole ka ce mata ja kawai suke yi ba sa turawa, kamar igiyar guga.

Ranar gwajin farko na ɗaure ƙasan C7 na ce kada ya motsa, na sa ƙarfin murɗawa a saman C3, na danna, na je na yi sallar isha'i na dawo. Ta gama ba kuskure ko ɗaya, na buɗe, wuya ko gezau. Kwana biyu ina neman dalili, na sake duba igiyoyi na sake duba faset, har na fara zargin manhajar. Ashe FEBio ba ruwanta da ma'auni, lamba kawai take gani, ni na yi zanena da milimita, taurin kaya da megafaskal, sannan na rubuta 1 ina nufin nitin-mita ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin murɗawa, alhali a wannan tsarin sai na rubuta 1000. Wato ƙarfin da na sa bai kai na ƙuda ya sauka a goshi ba. Na gyara na sake dannawa, sai ta fara jefo min wani jan rubutu wai jakobiyan ya zama negatif, ma'ana wani ɗan yanki ya matsu har ya juya ciki ya koma waje kamar safa. Wannan saƙon sai da na riƙa mafarkinsa. Maganinsa ka nemo yankin da ya lalace ka gyara yadda ka yayyanka wajen, ka kuma riƙa sa lodin a hankali kaɗan-kaɗan ba gaba ɗaya ba. Ga laftof ɗina ram 8 ne, gudu ɗaya yana cin awa shida zuwa bakwai, in an ɗauke wuta a awa ta biyar shikenan an koma farko. Ƙarshe wajen wani mai shagon cajin waya mai sola na koma, ina biyansa kuɗin cajin waya goma yana ajiye min ita a ƙarƙashin benci, kullum sai ya tambaye ni malam yau wuyan ya tashi?

Da ya fara lanƙwasawa ya fito da kalolin nan na ɗauka na gama, na kai wa malamina ina washe baki. Ya duba ya ce ya yi kyau, da me ka gwada shi? Na ce ban gane ba. Ya ce ko tukunyar ƙasa ka zana ka ba ta waɗannan lambobin za ta fito da ja da shuɗi, je ka nuna min yana motsi kamar wuyan gaske. A nan na san aikin Manohar Panjabi na jami'ar Yel, wanda shi da mutanensa suka riƙa ɗaukar wuyan gawa da aka cire wa tsoka suna murɗa shi da ƙarfin da aka sani suna auna digiri nawa kowace gaɓa ta motsa, akwai wanda suka fitar a 2001 da nitin-mita 1, sunkuyawa da ɗaga kai da karkatawa gefe da waiwaye. Duk mai gina irin wannan model sai ya ɗora sakamakonsa a kan irin waɗannan ya ga ko ya faɗa cikin iyaka. Nawa bai faɗa ba, ya yi tauri sosai kamar wuyan wanda ya kwana a kan tabarma ba matashi.

Dalili biyu na gano. Na farko irin yankan da na yi wa matashin, 'yan dala masu kusurwa huɗu, in abu ba ya matsuwa kamar ruwa sai su ƙulle su ƙi motsi, dole na canza zuwa masu ɗigo goma, lokacin gudu kuma ya ƙaru. Na biyu ya fi ba ni kunya. Na zana matashin wuya kamar na ƙugu, zobe mai kauri ɗaya ko'ina da taushi a tsakiya, don shi ne hoton da ke kowane littafi. Ashe na wuya ba haka yake ba, wasu masu bincike Mercer da Bogduk sun nuna tun 1999 cewa zoben nasa kamar jinjirin wata yake, kauri ta gaba, siriri sosai ta baya. Ga kuma wasu 'yan ƙahoni a gefen ƙasusuwan daga C3 zuwa C7 da ake kira gaɓoɓin Luschka, waɗanda ni na goge rabinsu lokacin da nake sumulce hoton don na ɗauka datti ne. Na koma baya wata guda cur. Amma da na gyara sai wani abu ya faru da ya sa tsigar jikina ta tashi, na karkatar da wuyan dama sai ya ɗan waiwaya dama da kansa ba tare da na ce masa ba, kuma haka wuyan gaske yake yi saboda karkacewar faset, gwada naka yanzu ka ji.

Zan faɗi gaskiya a nan, akwai daren da shaiɗan ya raya min in rage taurin igiya ɗaya kawai layin ya shiga cikin iyaka in huta. Ba wanda zai gane. Kuma lambobin da ke cikin takardun ma kansu sun sha bamban, wani ya ce kaza wani ya ce ninki uku, ko wanne ka ɗauka kana da madogara. Abin da ya hana ni shi ne in ka gyara sunkuyawa ta wannan hanyar sai waiwaye ya lalace, model ɗin da kansa yake tona maka asiri.

Yanzu ga inda labarin Inna ya dawo. Na ce to bari in ɗora kaya. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, wajen nitin 245 a ma'aunin ƙarfi, ban ma kai nan ba na fara da nauyin kai kawai nitin 50 a tsaye daga sama, wuyan ya lanƙwashe ya kife kamar karan dawa ɗanye. Na ce shikenan na sake ɓata wani abu. Da na koma karatu sai na ga ba kuskure ba ne, Panjabi ya auna a 1998 cewa wuyan da ba tsoka yana kifewa da nitin 10 da rabi kacal, wajen kilo 1. Wato ƙashi da igiya su kaɗai ko kan da ke kansu ba sa iya riƙewa. Sai wani mai suna Patwardhan da abokan aikinsa a yankin Shikago suka nuna a 2000 cewa in lodin ya bi lanƙwasar wuyan, yana ratsa tsakiyar kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya maimakon ya faɗo a miƙe, wuyan nan ɗaya yana ɗaukar har nitin 250 bai kife ba. Kuma aikin tsokoki ke nan, su ke karkata nauyin ya bi ta wannan hanyar a kowane motsi. Panjabi ya riga ya faɗa tun 1992 cewa tsayuwar gadon baya abu uku ne, ƙashi da igiyoyinsa, tsoka, da jijiyoyin da ke ba tsoka umarni. Ni ɗaya kawai na gina cikin ukun.

Na daɗe zaune ina tunanin yadda Inna ke ɗaukar kaya. Ba ta taɓa ɗorawa haka kawai, sai ta naɗe gammo ta daidaita shi a tsakiyar ka, a ɗora mata, ta ɗan girgiza kai kaɗan har sai ta ji ya zauna, haɓa a ɗan janye, idonta ne ke kallon ƙasa ba wuyan ba, in za ta waiwaya da duk jikinta take juyawa. Wannan 'yar girgizar neman hanyar da Patwardhan ya auna take yi. Na sa lodin ya bi lanƙwasa a model, ya tsaya cak da nauyin kai har da ƙari. Sai na matsar da shi gaba da santimita biyu kacal, kamar gammo ya zame ko mutum ya sunkuya duba hanya, nan take matsin da ke kan matashin C5 da C6 ya yi sama, igiyoyin baya suka ɗaure tamau. Daidai wurin da likita ya nuna a hotonta. Ba na cewa na gano dalilin ciwonta, wannan gaɓar dama ita ta fi saurin zaizayewa ko ga wanda bai taɓa ɗaukar ko kwano ba, kuma model ɗina wuyan saurayi ne ba nata ba, ba ya gajiya ba ya tsufa. Amma na ga da idona abin da santimita biyu ke yi. Af, akwai binciken da aka yi a Kenya a 1986 kan matan Luo da Kikuyu da ya nuna suna ɗaukar kaya har kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu ba tare da ƙarfin da suke ƙonawa ya ƙaru ba, wannan maganar numfashi ce da kuzari, ba ta ce komai kan abin da matashin wuya ke sha ba.

Babi na ƙarshe shi ya fi daɗi, yanke igiyoyi. Augustus White da Panjabi sun yi shi a kan gawa a 1975, suna yanka ɗaya bayan ɗaya suna aunawa, daga nan aka samu ƙa'idar da likitocin ƙashi ke amfani da ita har yau, in ƙashi ya zame a kan na ƙasansa fiye da milimita 3.5, ko ya karkata fiye da maƙwabtansa da digiri 11, to wuyan ba shi da tsayuwa. A kwamfuta ba wuƙa ba jini, ka goge igiya ka danna. Na fara daga baya ina sunkuyar da shi, na cire ta tsakanin tsinaye ya ɗan ƙara motsi, na cire mai ruwan ɗorawa ya ƙara, da na cire ta kewayen faset sai abin ya buɗe sosai. In ɗaga kai ne kuma ta gaba ce ke riƙewa. Tun daga ranar in na ga an yi hatsari mutane sun ruga suna ciccibar mutum kai na lilo sai cikina ya ɗuri ruwa, don na san laka na nan a tsakiya kuma milimita kaɗan ake magana.

Ranar difens, wato ranar kare aikin gaban malamai, malamin da aka gayyato daga wata jami'a tambaya ɗaya ya riƙe, ina tsoka? Na ce ranka ya daɗe babu, lodin da ke bin lanƙwasa ne ya tsaya a madadinta. Ya ce to ka rubuta haka ɓaro-ɓaro a babi na biyar kada wani ya ɗauka ka ce ga kilo kaza da mace za ta iya ɗauka lafiya. Na rubuta, shafi guda da rabi.

Da na je gida na buɗe wa Inna laftof na nuna mata yana sunkuyawa yana ɗagowa, ta matso da fuska ta ce wannan wuyan waye, na ce na wani bawan Allah ne, ta ce Allah ya ba shi lafiya. Na yi mata bayanin gammo da santimita biyu, ta ce yo wannan ai sai da ka je jami'a, wa ya taɓa ɗora tulu a goshi. Na saya mata baro amma jikokinta ne ke wasa da shi, ita dai mun samu ta rage zuwa rabin bokiti. Yanzu na sauke manhajar OpenSim na jami'ar Sitanfod, akwai model ɗin tsokokin wuya da wata mai bincike Vasavada ta fara tun 1998, so nake in ciro ƙarfin kowace tsoka daga can in kawo cikin nawa, amma batirin laftof ɗin ya kumbura har ya ɗaga madannai, sai ƙarshen wata in an yi albashi.